Yadda Ake Haɗa Littafin Sallah Mai Hotuna Da Waƙar Ban Dariya Don Ƙananan Yara

Duk shekara idan sallah ta matso, akan yi wa yaro ɗinki, a saya masa takalmi da agogon roba da tabarau, yarinya kuma a yi mata kitso da ƙunshi. Abin da ban cika gani a cikin kayan sallar yara ba shi ne littafi. Ko ka shiga kanti nema, galibi na Turanci za ka tarar, cike da dusar ƙanƙara da tsoho mai jar riga, abubuwan da ɗan shekara huɗu a Gusau ko Maraɗi bai taɓa sa wa ido ba. Masu waɗancan littattafai 'ya'yansu suka yi wa, kuma sun kyauta musu. Namu yaran ma sun cancanci su buɗe littafi su ga tsakar gidansu, da randar ruwa, da kazar da suke kora kullum, su ji waƙa da harshen da ake yi musu rarrashi da shi, su yi dariya har su kwanta.

Wannan aiki bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba. Malamar firamare za ta iya, uba zai iya, yayar da ke jami'a za ta iya. Kayan aikin farko su ne farar takarda A4 guda shida, fensir, magogi, almakashi, allura da zare. Zan bi da kai ta wani ɗan littafi da na haɗa wa yaran gidanmu, mai suna Hular Baba Tsoho, don ka ga kowane mataki a aikace.

Fara da matsala guda ɗaya

Kada ka fara da waƙa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: mutum ya samu kalmomi masu daɗin amo, salla, hula, tela, fitila, sai ya shiga jera su yana fatan labari zai fito daga ciki. Ba ya fitowa. Zauna ka faɗi labarinka da baki, cikin zance na yau da kullum, a jimla uku ko huɗu. In bai ba da dariya a haka ba, amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen layukan waƙa, ba zai cece shi ba.

Yaro mai shekara uku zuwa shida matsala ɗaya yake iya riƙewa, kuma wadda ya sani a jikinsa. Sallah cike take da irinsu. Tela bai gama ɗinki ba. Sabon takalmi yana matsi amma mai shi ya ƙi cirewa. An aiki yaro da kwanon tuwon sallah gidan maƙwabta, nama yana ta kallonsa a hanya. Ƙunshi bai bushe ba ga ƙaiƙayi a hanci. Kuɗin barka da sallah sun zube ta aljihu mai huda. Zaɓi ɗaya, ka bar sauran don littafin baɗi.

Nawa labarin ga shi: ranar Ƙaramar Sallah da safe, kaka ya nemi sabuwar hularsa ya rasa. Ya birkice gida kaf yana nema. Ashe kaza ce ta ja ta zuwa bayan rumbu ta yi ƙwai a ciki. Ya bar mata, ya ari 'yar hular jikansa ya tafi idi.

Na zaɓi kaka da gangan. A al'adarmu akwai wasa tsakanin kaka da jika, don haka yaro yana da izinin yi wa kaka dariya ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Da uban gidan na sa yana rarrafe ƙarƙashin gado, da wasu iyayen sun ture littafin. Haka nan akwai waɗanda ba a taɓa su ko kaɗan: makaho, gurgu, mai in'ina, maraya, da ɗan wata ƙabila. Barkwancin da manya ke yi tsakanin garuruwa da ƙabilu su sun san iyakarsa, yaro kuwa ɗauka zai yi a matsayin gaskiya ya tafi da shi makaranta. Ibada ma ba a wasa da ita. Dariyar ta tsaya a gida da kan hanya. Da an iso filin idi, a bar hoto mai kyau ya yi magana. Kuma kada ka rubuta aya ko sunan Allah a ciki, domin littafin yara yakan kwana a ƙasa, a taka shi, a zuba masa miya.

In Babbar Sallah ka zaɓa, yi tunani sosai kafin ka mai da ragon layya jarumin labari. Yaro zai shaƙu da shi tun shafin farko, ya sa masa suna, alhali ya san abin da ke jiran ragon ranar goma ga Zulhajji. Ko dai ka rufe labarin a jajibiri, rago yana cin dusarsa, ko ka bar shi a gefen hoto ka ba wani jarumtar: kyanwar da ke fakon soye, ko yaron da aka ba rabon nama gida-gida ya rikita kwanuka. Masu bikin Kirsimeti a Jos ko Zonkuwa ko Wusasa, duk abin da zan faɗa a ƙasa ya hau kansu daidai. Kaza da shinkafa da sabon ɗinki duk ɗaya ne.

Naɗe takarda kafin ka rubuta ko ɗango ɗaya

Ɗauki takardun nan shida, ka jera su, ka ninke su biyu gaba ɗaya. Ka samu ɗan littafi mai shafi 24, girman A5. Kowace takarda shafi huɗu take bayarwa, shi ya sa adadin shafukan irin wannan littafi dole ya rabu da huɗu: 16, 20, 24, 32. Littattafan hotuna da manyan kamfanoni ke bugawa galibi shafi 32 ne, amma ga mai farawa 24 ya wadatar.

Sa lamba a kowane shafi da fensir. Shafi na 1 bangon gaba ne, na 24 bangon baya. Na 2 a bar shi don sunan mai littafi, wato wurin da za a rubuta "Wannan littafin na wane ne". Yara suna son wannan ƙwarai. Na 3 sunan littafi da na marubuci da mai zane. Daga 4 zuwa 23 ne filin labari, shafi 20, wato buɗi goma, domin yaro shafi biyu yake gani a lokaci ɗaya, hagu da dama.

A nan ne sirrin ban dariyar littafin hotuna yake, kuma ina so ka riƙe shi da kyau: juya shafi. Mai tatsuniya yakan ja numfashi kafin ya faɗi abin da Gizo ya tarar a cikin rami. A littafi, juya shafi ne wannan jan numfashin. Saboda haka ɗana tarkon a shafin dama, mai lamba mara, ka ɓoye abin mamakin a bayansa. Idan tambaya da amsarta suka zauna a buɗi ɗaya, idon yaro ya riga bakin mai karatu, dariyar ta mutu tun ba a haife ta ba. (Mai rubutu da ajami sai ya juya lissafin, tunda daga dama ake buɗewa.)

Yanzu rubuta a kowane buɗi, cikin kalma biyar ko shida, abin da zai faru. Buɗi na ɗaya: hula ta ɓata. Na biyu: ɗakin kwana. Na uku: randa da tulu. Na huɗu: madafi. Na biyar: akuya. Na shida: maƙwabta sun wuce. Na bakwai: an ji kaza. Na takwas: ga hula. Na tara: ƙwai. Na goma: hanyar idi. Lura da yadda wuraren neman ke ƙara zama na wauta: filo wuri ne da hula ke iya shiga, tulu da wuya, tukunyar miya kuwa sam. Haka ake hawa, daga mai yiwuwa zuwa marar yiwuwa, ba a sauka.

Sai waƙar

Hausa tana da sauƙin amsa-amo domin mafi yawan kalmominta da wasali suke ƙarewa. Sauƙin nan shi ne kuma tarkonta. Wasali kaɗai bai isa ba: "hula" da "riga" duk da "a" suka ƙare, amma kunne ba ya jin sun amsa wa juna. Gaɓar ƙarshe gaba ɗaya ake so, baƙi da wasalinsa: hu-la, sal-la, tu-lu, Ku-lu, han-ya, kun-ya.

Ga ƙananan yara na fi son baiti mai ƙwar biyu, wato mai ɗango (layi) biyu, kowane baiti da nasa amsa-amon. Masu rubutacciyar waƙa sukan riƙe babban amsa-amo ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kuma gwaninta ce, amma a littafin yara takan tilasta maka jawo kalmomin da labari bai nema ba. Ga yadda nawa ya buɗe:

Gari ya waye, ranar salla,
Baba Tsoho na neman hula.

Sai amshi, wanda zai dawo sau uku ko huɗu a cikin littafin:

Wa ya ga hula? Wa ya ga hula?
Sabuwa fil, ta zuwa salla!

Amshi shi ne rabon yaro. Bai iya karatu ba, amma a karo na biyu ya haddace, a na uku shi zai riga ka faɗa. Dubi wasannin tashe da waƙoƙin gaɗa da na cikin tatsuniya: duk a kan bayarwa da amsawa aka gina su. Yi amshin gajere, mai daɗin ihu, wanda za a iya tafa masa.

Daga nan neman ya kankama:

Ya ɗaga filo, ya ɗaga tabarma,
Ba ta ƙasa, kuma ba ta sama.

Ya leƙa randa, ya leƙa tulu,
Ya tambayi Inna, ya tambayi Kulu.

Ya buɗe tukunya, tururi ya tashi,
Babu hula, sai dai ƙamshi.

Abu na biyu bayan amsa-amo shi ne kari, wato bugun da waƙa ke tafiya a kai, kuma a gaskiya ya fi amsa-amo muhimmanci. Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne, mai nauyi da marar nauyi. Wadda ta ƙare da gajeren wasali, kamar "ɗa" da "ga" a cikin "ya ɗaga filo", marar nauyi ce. Wadda ke da dogon wasali ko tagwan wasali ko ta ƙare da baƙi, kamar "hu" a "hula" ko "sal" a "salla", mai nauyi ce. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka ƙirga haruffa da ido ba zai taimake ka ba. Kunne ne alƙali. Karanta kowane ɗango da ƙarfi kana buga cinya, bugu huɗu a ɗango. Inda ka ji ka haɗiye wata kalma da sauri don ka cim ma bugun, ko ka ja wata fiye da yadda ake faɗinta, nan ne gyara yake. Gaɓoɓi marasa nauyi biyu sukan zauna a gurbin mai nauyi ɗaya, shi ya sa "wa ya ga hula" ke gudu sumul.

Akwai kuma karin sauti. Faɗi "salla", "tela", "fitila": murya sauka take a ƙarshe. Faɗi "hula", "Bala": hawa take. Idan ƙarshen ɗangogi biyu suka dace a gaɓa kuma suka dace a hawa ko saukar murya, amon yakan fi zaƙi. Amshina bai cika wannan ba, tunda hula hawa take salla kuma sauka, amma na bar shi domin rera shi ake yi kuma ma'anarsa ita ce zuciyar labarin. In ka samu dacewar, riƙe ta. In ba ka samu ba, kada ka sayar da labari don ita.

Ga misalin abin da nake nufi da sayar da labari. A rubutuna na farko akwai wannan:

Baba Tsoho ya rasa hula,
Sai ya tafi ya sayo fitila.

Me ya kai shi sayen fitila? Babu, "la" ce kawai ta kira ta. Yaro zai tambaye ka dalili, ba ka da amsa. Irin wannan ko a cire shi, ko a nemo masa aiki. Da a ce ya kunna fitila da rana tsaka yana haska cikin randa, to fitilar ta zama abin dariya, ta ci kuɗinta. Ni cirewa na yi don wuri ya ƙare.

Haka kuma kada ka murɗe jimla don kalmar amo ta faɗo ƙarshe, kada ka jawo tsohuwar kalmar da sai an buɗe ƙamus, kada ka lalata ƙa'idar rubutu. Yaran nan daga littafinka za su fara ganin yadda ake raba kalma. Amma amsa-kama, zuba su iyakar iyawarka: wuf, caraf, tsulum, tinjim, kwatsam, fil. Su ne gishirin ban dariyar Hausa, kuma bakin yaro yana jin daɗin tauna su. Kukan dabbobi ma haka:

Ya dubi akuya, akuya ta dube shi,
Ta ce masa "Mee!", ta ba shi haushi.

Sai a ƙara wuta da ƙurewar lokaci, domin nema ba gaggawa ba ya tada hankali:

Maƙwabta duk sun kama hanya,
Fita ba hula? Ai da kunya!

Can bayan rumbu ana ta kyarkyara,
Baba ya nufa, a bayansa yara.

A shafi na 19, na dama, ɗango ɗaya tak na sa, da hoton kaza zaune daram a cikin hula:

Ga hula nan, mun gan ta sarai,

Mai karatu ya dakata, ya dubi yaran, ya juya a hankali. Shafi na 20:

Sai dai a cikinta akwai ƙwai!

Baiti ɗaya ne aka raba shi gida biyu, kunnen yaro yana jiran abin da zai amsa wa "sarai", sai ya faɗo tare da hoton. Daga nan kada ka ja zance. Baiti ɗaya ya rage:

Ya ce wa kaza, "Barka da salla!"
Ya ɗora ta jika, 'yar ƙaramar hula.

Duka rubutun littafin, har da maimaita amshi, bai kai kalma 200 ba. In naka ya haura 300 a shafi 24, koma ka rage. Wa'azi a ƙarshe ma ba a bukatarsa. Yaron da ya ga tsoho ya bar wa kaza sabuwar hularsa ya ga tausayi da idonsa, ba sai an ce masa "darasin wannan labari shi ne" ba.

Hoto ya faɗi abin da waƙa ta ɓoye

Ka lura, tun daga farko har buɗi na bakwai waƙar ba ta ambaci kaza ba. A hoto take. A buɗi na ɗaya tana bakin ƙofa da hula a baki. A na biyu jelarta kawai ake gani tana fita. A na uku tana bayan Baba Tsoho daidai lokacin da kansa ke cikin randa. A na biyar ta ratsa ta ƙarƙashin akuya. Yaro ya san abin da babba bai sani ba, kuma ba abin da ke sa ɗan shekara huɗu dariya kamar wannan. Ranar da na fara karanta wa yaran gidanmu, wata 'yar ƙanwata mai shekara uku ta miƙe tsaye a kan tabarma, ta dangwala yatsa a kan takardar tana ihu, "Ga ta nan! Baba, ga ta nan bayanka!" Har ta juyo da littafin wai don tsohon ya gani.

Don haka in waƙa ta ce ya leƙa tulu, kada hoto ya tsaya a mutum yana leƙa tulu kawai. Ƙara abin da ba a faɗa ba. Shafin ƙarshe nawa ba kalma ko ɗaya: Baba Tsoho a hanyar idi da 'yar hula a tsakar ka, jikan kuma sanye da tsohuwar hular kakan ta rufe masa ido har hanci, ana jan sa da hannu.

In ba ka iya zane ba, nemi mai yi. Akwai su a cikin ɗaliban sashen zane na kwalejojin ilimi da jami'o'i, da masu rubuta allunan shaguna. Ba shi littafin gwajin nan naka na fensir, ko da 'yan sanduna ka zana a matsayin mutane. Ku yi yarjejeniya a rubuce tun farko: nawa ne, hoto nawa, gyara sau nawa, wa ke da ikon sake bugawa, kuma sunansa ya fito a bango tare da naka. Kafin ya fara shafuka, ya zana kowane ɗan wasa a takarda ɗaya, gaba da gefe da baya, don kada gemun Baba Tsoho ya yi tsawo a shafi na 6 ya gajarce a na 14.

Abin da ake nema a labari a ba shi launin da ba wanda ke da shi a littafin. Hulata ruwan ɗorawa ce, kuma ba wani abu mai wannan launi a ko'ina, don ido ya cafke ta nan take. Ja na fara sa mata, sai na tuna a Kano jar hula tana da ma'anar siyasa, na canza. A zana gida irin namu: zaure, turmi, igiyar shanya, buta, murhu ko risho. A bar fili fari a kowane shafi inda rubutu zai zauna, kada a ɗora haruffa a kan zane mai hayaniya. A nisanta fuska da rubutu daga tsakiyar buɗi inda ninki zai cinye su, sai fa shafi na 12 da 13, waɗanda takarda ɗaya ce shimfiɗe. Nan ne wurin hotonka mafi girma. Kuma tunda shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kusan kwana 11, sallah tana zagaya damina da hunturu da bazara, gara kada hoton ya ɗaure ta da yanayi ɗaya, don littafin ya yi shekaru ana karantawa.

Gwaji a gaban masu shi

Kafin a sa launi, manna baitocin a littafin gwaji ka miƙa wa wani babba da bai taɓa jin waƙar ba, ya karanta wa yara uku ko huɗu, kai kuma ka koma gefe ka yi shiru. Kai ka san inda ake ja da inda ake gudu, don haka bakinka yana rufa wa kurakuranka asiri. Bakin baƙo ba ya rufawa. Duk inda ya yi tuntuɓe, sa alama. Dubi yaran kuma: ina suka matso, ina suka fara wasa da yatsun ƙafa, sun kama amshin ko ba su kama ba. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce e don kunya. Jira ka ji ko za su ce "a sake". In da hali, a samu mai karin harshen wani gari, Basakkwace ko Badamagare, shi ma ya karanta, don ka ji ko akwai kalmar da garinku kaɗai ta tsaya.

Daga takarda zuwa bugu

In kwafi ɗaya kake so na gida, ka kusa gamawa: zana a takarda mai kauri, rubuta baitocin da hannu da manyan haruffa, ka ɗinke. In kuwa da yawa ne, sai an shigar da shi kwamfuta. A ɗauki zanen da sikana a ma'aunin 300 dpi. A wannan ma'auni shafin A5 yana kama 1748 da 2480 na ɗigon hoto. In waya ce kawai gare ka, ɗauki hoton a inuwa da safe, wayar tana kallon takardar kai tsaye, ba walƙiya. Ana iya jera shafuka a Canva, manhajar tsara zane, ko a Bloom, manhajar kyauta da ƙungiyar SIL ta yi musamman don haɗa littattafan yara a harsunan gida.

Kula da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ ga masu bin rubutun Nijar. Ba kowane samfurin haruffa ke da su ba. Andika, wanda aka tsara don masu koyon karatu, yana da su duka kuma kyauta ne. Girman 20 zuwa 24 ya dace. Na taɓa kai aiki wani shagon buga takardu a fayil ɗin da ake iya gyarawa, kwamfutarsu ba ta da samfurin da na yi amfani da shi, sai duk inda "ƙwai" yake ya fito da ɗan akwati a gurbin ƙ, kwafi ashirin. Tun daga ranar PDF kawai nake kaiwa, kuma sai an buga mini kwafi ɗaya na duba shi harafi-harafi kafin a ci gaba.

In hoto zai kai har bakin takarda, a bar masa rarar milimita 3 a kowane gefe don yanka. Da giram ake auna kaurin takarda, kuma takardar ofis mai giram 80 tana nuna hoton bayanta. Nemi mai giram 120 zuwa 150 don ciki, bango kuma kwali mai 250 ko 300, a lulluɓe shi da leda saboda hannun da ya ci nama. Launi a takarda yakan fi na fuskar waya dushewa, kada hakan ya ba ka mamaki. Wajen jera shafuka don bugu gaba da baya, ga lissafi mai sauƙi: a littafi mai shafi 24, kowane shafi biyu da ke gefe ɗaya na takarda jimlarsu 25 ce. Wato 24 da 1, bayansu 2 da 23. Sai 22 da 3, bayansu 4 da 21. Haka har 12 da 13 a tsakiya.

Ɗinki da zare ya fi mini ƙusar sitefila, domin ƙusa takan buɗe ta soki yatsa. Buɗe littafin a tsakiya, huda uku a kan ninkin: ɗaya a tsakiya, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Shigar da allura ta hudar tsakiya daga ciki, fito da ita waje, shiga ta sama, tsallake tsakiya ka fita ta ƙasa, ka dawo ciki ta tsakiya. Bakin zaren biyu su kama dogon zaren da ya ratsa, a ƙulle sau biyu, a yanke. Rage kaifin kusurwoyi da almakashi, ka danne littattafan da wani abu mai nauyi su kwana.

Mai niyyar sayarwa a kantuna a Najeriya zai nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Mai son rabawa kyauta zai iya tura PDF ta WhatsApp, ko ya ɗora a shafukan intanet na African Storybook ko StoryWeaver, inda akwai labaran Hausa da malamai ke saukewa. Sai dai ka karanta sharuɗɗansu, domin ɗorawa a can izini ne ga kowa ya kwafa ya fassara, kuma dole mai zanenka ya amince.

Batun lokaci: don Ƙaramar Sallah, fara rubutu a Rajab, zane a Sha'aban, ka kai bugu a goman farko na azumi. Goman ƙarshe kowa ya san yadda take, ga gajiya ga ibada ga cunkoso a ko'ina. Don Babbar Sallah, a gama komai kafin Zulƙida ta fita. Ranar sallah kuma kada ka miƙa littafin da safe lokacin da hankalin yara ke kan sabbin kaya da yawo. Bari sai bayan la'asar ko washegari, sun dawo sun zube a tabarma ƙafafu sun yi tsami, ana ƙirga kuɗin barka da sallah, sannan ka zauna a tsakiyarsu ka buɗe shafin farko, ka riƙe shi yadda kowa zai ga kazar.